Uwar Kumfa da Allurar Randa

Duk wanda ya ƙara buɗe baki a gabana ya ce sakaci ne ya kashe 'yar Yayata, to ni da shi ne. Na gaji da jin maganar nan a bakin famfo da cikin mota. Mutanen da ko ciwon kai ba su taɓa jinya ba, yanzu su ne suka fi kowa sanin yadda ake riƙe mara lafiya. Ni na san matar nan. Ciki ɗaya muka fito, kuma a ɗakin sabulunta na yi rabin rayuwata ina naɗe mata kaya a takarda. Idan da abin da ya yi mata yawa a kan yarinyar nan, to kula ce.

Sabulu take yi, na wanki, irin mai sanda. Sunanta na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a unguwa, kowa Uwar Kumfa yake ce mata, ni kuwa Yaya. Ɗakin aikin yana bayan gida, rufin kwano, taga ɗaya. Durom na mai a kusurwa, kitsen da take karɓowa wajen mahauta a cikin bokiti, buhun soda a kan katako don kada ya taɓa ƙasa ya ja danshi. Sai sikeli, da muciya, da akwatunan katako da take shimfiɗa wa leda ta zuba sabulu ya daskare, da wata siririyar waya ta yanka. Da rana ɗakin nan zafi yake kamar cikin murhu, ga turaren sabulu da ke kama maƙogwaro. Hannuwanta duk tabo ne, daga yatsu har gwiwar hannu, ƙanana farare, kowanne da ranar da soda ta fallatsa.

Abu na farko da ta koya mini, tun kafin ta yarda in taɓa muciya, shi ne tsoron soda. Za ta zuba ta a ruwa, ruwan ya ɗau zafi da kansa ba wuta, sannan ta tsiyaya a cikin mai tana juyawa. A hankali abin ya yi kauri. Sodar ta cinye man, man ya kashe wa sodar kaifi, sai a wayi gari babu soda babu mai, sai sabulu. Amma fa sai ma'auni ya yi daidai. Idan mai ya yi yawa, sabulun ya yi laushi ya yi wari. Idan soda ta yi yawa, wadda ba ta sami abin ci ba tana nan a laɓe cikin sabulun, tana jiran hannun mai wanki.

"Soda mayunwaciya ce," haka take cewa. "In ba ki ba ta mai ta ci ba, ke za ta ci."

Na ji wannan magana har ta fita a raina. Ba a taɓa zuba soda a ɗakin nan ba sai an fara auna mai an ajiye a gefe, ido yana ganinsa. Kuma sabulu ba ya fita sai ta ɗanɗana. Za ta ɗauki sanda ɗaya ta ɗora a kan harshe. Idan ya yi shiru, a naɗe. Idan ya cije ta, to duk akwatin ya koma tukunya, ko da mai saye yana tsaye a ƙofa yana buga ƙafa. Da wannan ta yi suna, masu wankin kaya na gari suka san sabulun Uwar Kumfa ba ya cin hannu. Da wannan kuma harshenta ya mutu. Abincinta kullum gishiri ya yi yawa, mu yi ta tsiya, ita ko a jikinta. Hancin ma turare ya daɗe da kashe shi.

Mijinta mai gyaran batirin mota ne, Allah ya jiƙansa, mutum mai barkwanci. Wandunansa duk huji, ruwan batir ya cinye. Shi ya fara kawo kalmar asid gidanmu. Wata rana ya zo da ɗan ruwan batir a kwalba, ya zuba a wani tsohon kofi, ya ce Yaya ta ɗiga ruwan sodarta a kai kaɗan kaɗan. Kofin ya yi zafi, ya yi ta tsartuwa, can ya lafa.

"Kin gani?" ya ce. "Ni da ke ke nan. Kowa shi kaɗai masifa ne, in aka haɗa mu sai ruwan gishiri."

Ta jefe shi da tsumma, amma ta yi dariya har da hawaye. Babbar mota ce ta zame a gareji ta danne shi, 'yarsu tana rarrafe. Yaya ba ta ƙara aure ba. Ta ce ba ta da lokacin wanke wa wani ƙato wando. Ta riƙe muciya ta riƙe 'yarta, kuma duk wani bokiti da ta juya daga ranar, don yarinyar nan ta juya shi.

Yarinyar ta taso doguwa, mai baki kamar ubanta. Ita ke yanka sabulu, don hannunta ba ya karkacewa. Ta zama budurwa ke nan sai ta fara shan ruwa. Sha fa ba na wasa ba. Ta ɗaga kofi ta ajiye, kafin ka juya ta sake ɗagawa. Ni na fara ce mata Randa, sunan kuma ya bi ta har uwar ma ta ɗauka. Muna ta dariya, yarinya tana ta ramewa, ga ci kamar gara. Sai da Yaya ta ga tururuwa sun yi layi a makewayi, daidai inda yarinyar ke tsugunawa, sannan dariya ta ƙare.

A asibiti aka ce ciwon sukari ne, irin wanda ke kama matasa, wanda ba ya jin ƙwaya sai allura. Ina wurin. Nas ɗin wata mace ce mai jiki, ta gaji liƙis, ga layi har waje. Amma ta yi ƙoƙari. Ta ce duk shinkafa da burodi da muke ci, in sun shiga ciki sukari suke komawa su bi jini. Akwai wani ruwa da jiki ke yi, insulin, shi ke buɗe wa sukarin hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Jikin Randa ya daina yin sa. Shi ya sa sukari ya cika mata jini yana fita ta fitsari, tsokarta kuwa tana kwana da yunwa. Za a riƙa yi mata allurar insulin safe da yamma. Ta kuma ja kunne: in an yi allura ba a ci abinci ba, sukari zai faɗi ƙasa, mutum ya suma.

Yaya ta juya maganar a ranta. Can ta ce, "Wato allurar ita ce soda, abincin shi ne mai."

Nas ɗin ta dube ta, ta dubi layi, ta ce, "To, kusan haka."

Kusan haka. Na sha kwana da kalmomin nan biyu a raina. Ba na cewa laifin matar ne, don ta faɗi wasu abubuwan da yawa a ranar, da sauri, tana rubutu tana magana, wani yana ƙwanƙwasa ƙofa. Wataƙila ta faɗi abin da ake yi in mai ciwon ya kwanta zazzaɓi. Wataƙila ba ta faɗa ba. Abin da na sani, Yaya ta fito daga ɗakin nan da fuskar wadda aka ba aikin da ta riga ta iya.

Kwalbar allurar ba ta son zafi, mu kuwa ba mu da firji. Akwai wani dattijo mai kanti a tsallaken titi, ƙofarsa tana kallon tamu. Shi ya ce a kawo. Yaya ta sa kwalbar a wani gwangwanin alewa ja, ya ajiye a ƙofar firjinsa tsakanin kwalaben lemo. Safe da yamma sai an tsallaka titin nan. Randa ta fara cikowa, kumatu suka dawo, ruwan ma ta rage, amma sunan ya zauna.

Da farko ita ke yi wa kanta allurar. Wata safiya ta yi, sai masu wanki suka aiko a kai musu sabulu da gaggawa. Ta ɗauki kwali ta fita ba ta karya ba. A hanyar dawowa, da ragowar sabulu a kwalin, daidai ƙofar Mai Kanti, ta durƙushe. Muka fito a guje muka same ta tana karkarwa, zufa tana zuba kamar an watsa mata ruwa, ido ya juye, tana magana ba kai. Mai Kanti ya fasa lemo ya riƙa ba ta kaɗan kaɗan. Cikin ɗan lokaci ta buɗe ido ta ce, "Wa ya zubar mini da sabulu?"

Mu muka yi dariya, Yaya ba ta yi ba. Ta gani da idonta: an zuba soda ba mai, ta juya ta ci mutum. Daga ranar ta ƙwace sirinji. Ta kafa doka irin ta ɗakin sabulu. Sai an zuba abinci a faranti, an ci, ta ga bayan farantin, sannan ta tsallaka titi ta ɗauko gwangwani. Randa ta yi mita, ta yi fushi, ta ce ita ba jaririya ba ce. Daga baya ta haƙura ta mayar da abin wasa. In ta gama ci sai ta kifa farantin ta ce, "Likita, ga mai nan an auna, a kawo soda."

Kuma dokar ta yi aiki, wannan shi ne abin da masu surutu ba su sani ba. Shekaru suka wuce yarinyar nan ba ta ƙara faɗuwa ba. Ranar asibiti ba ta wuce su. Ko kasuwa ta mutu, ko me za a rasa a gidan, allura ba ta yankewa. Randa ta yi kyau har wani mai gyaran waya ya fara zuwa sayen sabulun da ba ya bukata. Na ce masa, "Kai kuwa kayan wa kake wankewa haka, na gari duka?" Ya rasa inda zai sa kansa, Randa tana bayan ƙofa tana toshe baki.

Sai 'yata da ke aure a wani gari ta haihu, na tafi na ɗan zauna da ita. Abin da ya faru a bayana Yaya ce ta gaya mini daga baya, ba sau ɗaya ba, da murya ɗaya, kamar mai karanta abin da aka rubuta.

Zazzaɓi ne ya kama Randa, da amai. Zazzaɓi irin wanda kowa ke yi. Yaya ta je kemis ta karɓo magani. Da safe ta kawo shayi da burodi, yarinya ta kai loma ɗaya, ta dawo da ita. Yaya ta dubi farantin, ta zauna. Ba ta tsallaka titi ba. Da yamma ta dafa shinkafa mai ruwa ruwa, ita ma ta dawo.

"Umma, allurata fa?" in ji Randa.

"Ki ci tukuna."

"Ba ya zama, Umma."

"To me allurar za ta ci a jikinki? Kin manta ranar da kika faɗi? Ko loma biyu ki daure."

Ta daure, ta ci, ta amayar. Washegari ta sake tambaya, aka sake ba ta amsa ɗaya. Yaya ta ce ta zauna ta yi lissafinta tsaf: yarinya ba ta ci komai ba, to daga ina sukari zai fito? A ganinta, duk cikin ciwon nan sukari ne kaɗai abin da ba ta da fargaba a kansa. Zazzaɓin take yaƙa. Tana jiƙa tsumma tana goga mata, tana wanke kwanon amai, tana canza zanin gado. Ko ɗakin sabulu ba ta leƙa ba. Mai Kanti ya ce ya lura ba a zo ɗaukar gwangwani ba, ya ɗauka sun sayo sabuwar kwalba sun sami wani wurin ajiya ne, ya ji nauyin tambaya.

Da yarinyar ta fara lumshe ido tana magana sama sama, sai Yaya ta tuna ranar ƙofar kanti. Ta ce sukarin ne ya faɗi saboda yunwa. Ta aika aka sayo lemo a wani shagon da ke kusa da kemis, ta riƙa ɗura mata da cokali.

A haka na same su. Na dawo da rana tsaka, da tsaraba a hannu, na yi sallama ba a amsa ba. Tun daga tsakar gida nake jin numfashi. Wani irin numfashi mai zurfi, mai ƙarfi, ba tsayawa, kamar na wanda ya yi gudu mai nisa, alhali yarinya tana kwance ko yatsa ba ta ɗagawa. Leɓɓanta sun bushe sun tsage, ido ya faɗa. Ɗakin kuma yana wani ƙamshi mai zaƙi zaƙi, irin na kayan marmari da suka nuna har suka fara lalacewa.

Na ce, "Yaya, wannan ƙamshin na mene ne?"

Ta shaƙa, ta girgiza kai. "Ni ban ji komai ba. Ko turaren sabulu ne a kayanta."

Na sunkuya. Daga bakin yarinyar yake fitowa.

"Yaushe rabonta da allura?"

"Tun da ta daina ci," ta ce, ba tare da wata shakka ba, tana miƙa cokali. "Da ta samu ta ci zan yi mata."

Ni ma a lokacin ban san hakan kuskure ba ne, dokar gidan na sani kamar kowa. Numfashin ne ya tayar mini da hankali. Na ajiye tsaraba a ƙasa na fita titi na tare motar haya. Ni da direban muka ɗauko ta, ba ta da nauyi ko kaɗan. Yaya ta biyo mu da sauran burodin a ƙulle a leda.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Suka sa mata ruwa a hannu biyu, suka ɗebi jini, suka haɗa insulin a cikin ƙarin ruwan. Likitar wata yarinya ce siririya mai tabarau. Da ta sami sarari ta fito ta same mu a baranda, ta tambayi wace ce uwar. Ta yi tambayoyinta, Yaya ta amsa ɗaya bayan ɗaya, har da alfahari kaɗan, don ta san ba ta karya doka ba. Na ga likitar ta cire tabarau ta murza ido.

Ta ce, "Mama, ki zauna."

Ta yi bayani a hankali. Ta ce ko mutum bai ci komai ba, hanta tana da sukarin da ta tara, kuma zazzaɓi yana sa ta yi ta zubo shi cikin jini. Saboda haka mai irin ciwon Randa in ya kwanta rashin lafiya, bukatarsa ga allura ba ta tafiya, wani lokaci ma ƙaruwa take yi. Ana iya gyara yawanta, amma ba a dainawa. In babu insulin, sukari yana nan cike da jini amma ba ya shiga tsoka. Sai jiki ya ga yunwa za ta kashe shi, ya juya kan kitsensa ya yi ta ƙonawa da gaggawa. Kitsen da aka ƙona haka yana barin wani datti mai tsami, asid, ya taru a jini. Shi ke ƙara aman. Shi ne ƙamshin da na ji. Wannan numfashin kuma jiki ne ke ƙoƙarin fitar da tsamin ta huhu.

Yaya ta ce, "Asid? Irin na batir?"

"Bai kai shi ƙarfi ba. Amma jini ba ya jure ko kaɗan ne."

Sai Yaya ta miƙe tsaye, idonta ya yi haske. "To a ba ta soda mana. Soda tana kashe shi, na gani da idona. Akwai irin ta burodi, ba ta ƙuna."

Likitar ta riƙe hannunta mai tabon nan. Ta ce akwai lokacin da ake ba da wani abu mai kama da haka, amma ba shi ne maganin ba, don muddin jiki yana ƙona kitse tsamin zai yi ta fitowa. Abin da ke tsayar da shi ruwa ne da insulin, kuma ga su nan suna shiga. Sai dai an zo a makare, ƙoda ta sha wahala, zuciya ma haka. Za su yi iya ƙoƙarinsu.

Yaya ta koma ta zauna. Sannan ta ce, a hankali, ba da likitar take ba, ba da ni take ba, "Ta tambaye ni. Sau nawa tana tambayata."

Washegari da hantsi Randa ta buɗe ido. Muka taso muka tsaya a kanta. Ta dubi uwar, ta motsa baki, sai da Yaya ta kai kunne.

"Umma," ta ce, "kawo burodin. Zan gwada."

Ga allurar nan tana ɗiga a jijiyarta tun jiya, ba ta sani ba. Yaya ta ce, "Ba sai kin ci ba. Kin ji? Ba sai kin ci ba, an yi miki." Ban san ko ta ji ba. Ta mayar da ido ta rufe, kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Ba zan ba da labarin kuka ba, don Yaya ba ta yi ba. Ni na yi, har muryata ta dushe. Mutane suka zo gaisuwa suka cika gida, kuma tun a nan na fara jin raɗe raɗi. Wai uwa tana zaune 'yarta ta yi kwana da kwanaki ba allura. Wata har da cewa sabulu ne ya ɗauke mata hankali. Na bi ta har ƙofa na gaya mata abin da ba zan maimaita ba. Mai gyaran waya ya zo ya tsaya a waje, bai iya shigowa ba, ya juya.

Bayan an watse Yaya ta koma ɗakin sabulu, don ba ta san wani wurin zuwa ba. Ni na karɓi yanka, sandunan suna fitowa a karkace. Ba a daɗe ba masu wanki suka fara dawo da kaya. Wani ya buɗe mini tafin hannunsa, duk ya saɓule ya yi ja. Ya ce, "Ba mu taɓa ganin haka daga gidan nan ba." Na ɗauki sanda ɗaya na ɗora a harshe, ya cije ni har cikin kunne.

Na sami Yaya a kan sikeli. Na tsaya ina kallo ba ta san ina nan ba. Ta zuba soda har ma'auni ya kai inda ya saba kaiwa, ta tsaya, sai ta ƙara cokali. Ta sake ƙarawa.

Na ce, "Yaya, ya yi yawa."

"Na sani," ta ce. "In na zo tsayawa sai in ji kamar hana wani nake yi."

Na karɓi cokalin daga hannunta, ba ta yi musu ba. Tun daga ranar ni ke aunawa, ni ke ɗanɗanawa, ita juyawa kawai take yi. Wasu masu wankin sun dawo, wasu sun tafi ke nan. Matar da a da ba a isa a taɓa mata sikeli ba, yanzu sai ta tsaya da muciya tana jira in ce mata zuba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Wata safiya na fito zubar da shara, Mai Kanti ya yafito ni. Ya yi ta kame kame, ya tambayi gida, ya tambayi jikan da aka haifa. Sannan ya buɗe firji ya ciro gwangwanin nan ja.

"Na rasa yadda zan yi da shi," ya ce. "Kullum na buɗe sai na gan shi. Ban iya kai mata ba, ban iya zubarwa ba."

Na karɓa na sa a cikin mayafi, da niyyar in wuce da shi bola ba tare da ta gani ba. Ina tsallako titi na ɗaga kai, ga ta tsaye a ƙofar gida. Ta san tafiyar mai ɗauke da gwangwanin nan, ta yi ta shekaru.

"Kawo," ta ce.

Na ba ta. Ta buɗe, ta ciro kwalbar, ta ɗaga ta sama tana kallon ta a hasken rana, ta ɗan karkata ta yadda take duba mai. Ta fi rabi. Ta dubi ƙofar kantin, ta dubi tagar ɗakin da Randa ta kwanta, ta sake duban kantin. Mota ɗaya ta wuce tsakani. Ta dunƙule kwalbar a tafin hannu.

"Da sanyinta," ta ce.

Na ce, "Yaya, kawo in zubar. Ba ta da amfani yanzu."

Ta mayar da ita cikin gwangwanin, ta danna murfin da kyau har sai da ya yi ƙara, ta miƙo mini.

"Mayar masa," ta ce. "Zafi yana lalata ta."

Na tsallaka na mayar. Mai Kanti ya dube ni, ya matsar da kwalaben lemo ya yi mata wuri. Tana can har yau.